Rawar da Rabi'atu Ta Ɗauko Daga Malanbil

Shekara guda bayan Turawa sun naɗe tabarmarsu, akwai wani mai goge a Kurgu ta ƙasar Bagudo, ana ce da shi Kanta. Ba gogen biki yake yi ba, na iskoki ne. In iska ya hau mutum Kanta ake kira, ya zauna ya yi ta gwada take bayan take har ya dace da na wanda ya hau. Shi kuwa iska in ya ji takensa dole ya faɗi sunansa, ya faɗi abin da yake so, a ba shi, ya yi atishawa ya sauka. Shekara talatin Kanta na wannan aiki, daga Kende har Illo, bai taɓa tashi daga kan tabarma ya bar mutum da iska a ka ba. To, sai ga abin ya faɗo cikin zuriyarsa.

Rabi'atu ɗiyarsa ce ta fari, tana aure nan cikin gari gidan Ango mai fataucin albasa. Ka san ɗan fari a wajenmu, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa gaban mutane. Shekara ashirin da biyu Kanta bai taɓa buɗe baki ya ce Rabi'atu ba, sai dai ya ce "ke yarinya". Ita ma da ta sami nata ɗan fari, Bunyaminu, haka ta yi masa. Yana shekara uku ƙyanda ta ɗauke shi, da bazara, wajen la'asar. Aka naɗe shi aka fita da shi ta gabanta tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Mata masu zuwa gaisuwa suka yi ta yabonta, uwar mijinta Inna Batulu har tana cewa ta ga ɗiyan mutunci amma ba ta ga kamar wagga ba, ko ɗigon hawaye.

Sai dai ta yi ta ramewa. Ango ya ce bari ya kai ta Malanbil can ƙasar Dahomi wajen gwaggonta, ta canza wuri. Ta yi wata guda ta dawo. Kwana biyu da dawowarta aka aiko wa Kanta ya zo da sauri, ya zo da goge.

Ya same ta tsakar gida, mata sun manne jikin danga. Babu kiɗa, babu tafi, ita kaɗai take rawa. Kanta ya ga rawar iskoki iri-iri, masu tsalle su faɗi da gindi, masu birgima, masu tafiyar kuturu, amma bai taɓa ganin wannan ba. Gwiwoyinta a buɗe, tana buga tafin ƙafa a ƙasa tas-tas, wani ƙaramin abu na ƙara a idon sawunta. Kafaɗunta tsaye cak amma wuyanta na zamewa dama da hagu kamar ba a haɗe yake da jiki ba. Yatsunta su tsuke, su buɗe kamar furen bado, idanunta na bin hannun duk inda ya yi. Can ta haɗa hannuwa biyu a ƙirji ta yi ta jijjigawa, ta ɗaga kai sama, ta buɗe baki. Kowa ya kasa kunne, ga iska zai yi magana. Sai ta rufe bakin, ta koma farko. Haka ta yi ta yi har ƙafafunta suka gaza ta zube.

Gashin jikin Kanta ya tashi. Abin da ya fi tsorata shi, rawar ba ta da sauka. Kowace rawa ta duniya tana da inda take ƙarewa, ko ta iska ce. Wannan kuwa sai ta kai bakin ƙofa ta juyo.

Kwana uku yana zuwa kowace la'asar, don lokacin take farawa. Ya yi taken iskokin gida, ya yi na daji, ya yi na ruwa waɗanda ya koya wajen Dandawa masunta. Ya yi har wasu da ubangidansa, wanda ya koya masa goge, ya hana shi taɓawa sai da larura. Ƙafarta ba ta ko waiwayi gogen ba. Yana ta tasa, tana ta tata. Ba ta magana, ba ta cin abinci sai an ɗura mata kunu.

Ran na uku Inna Batulu ta tare shi a zaure, ta tsaya daga bayan ƙofa kamar yadda surukai suke yi.

"Malam Kanta, ba raini ba ne. Ka yi iya yinka. Wanga baƙon iska ne, na ƙetare, bai san yarenka ba. Mun aika mutum garin Sharabi. Ɗanaudu ya ce shina tahe ran Alhamis ta sama."

Kanta ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a baya. Ya san aikin Ɗanaudu. Ɗaki yake sa a liƙe ko'ina da laka, a shigar da mai ciwo, a shigar da kaskon wuta cike da barkono da wasu itatuwa, a ja ƙofa. Ba a buɗewa sai iska ya yi kururuwa ya faɗi sunansa. Bara ya yi wa Asama'u ta Matsinkai, mace ƙaƙƙarfa mai noma da kanta. Aka yi ta jira iska ya yi magana, bai yi ba. Da aka buɗe, tana bakin ƙofa ba rai, farcenta duk laka.

"Inna, yarinyar ga ba ta da jikin shan hayaƙi."

"To mu yi yaya? Mata sun bar shigowa gidan ga ɗibar wuta. Jiya ɗiyar maƙwabta anka kama tana karkaɗa wuya bakin rijiya. In ya gama da ita ya bi gari fa? Ni ma ɗiyata ce, Malam. Ba na barci."

Kanta ya san ba ƙarya ta yi ba.

Da ya fito ya tarar da Ango tsugune gindin bango, ya kawar da kai. Kanta ya tambaye shi ina da ina yarinyar ta taka a Malanbil, ko ta je bakin gulbi da tsakar rana, ko ta wuce gindin tsamiya.

"Baba, gwaggo ta ce ba ta fita. Sau biyu kaɗai ɗiyan gidan sunka ja ta zuwa silima ran kasuwa."

"Mi ne ne silima?"

"Majigi ne, Baba, amma na Indiyawa. Wani Balaraben Sham ke nunawa cikin sito."

Kanta ya san majigi, ya taɓa ganin wanda 'yan gwamnati suka kawo Bagudo suna nuna yadda ake tsare rijiya. Bai ga abin da zai hau mutum a ciki ba. Amma mai neman inda maciji ya shiga, sawunsa yake bi. Ya ƙirga kwanaki, saura shida. Washegari da sassafe ya rataya goge a cikin zabirarsa ya bi fatake har Lolo, daga nan ya shiga jirgin masu kifi.

Da, iyakar nan ba ta wuce magana ba, mutum na noma nan ya sha fura can. Yanzu kowa ya sami tutarsa, kowa na so a san ya samu. A mashiga jandarma ya tsare shi yana ce masa kat, kat, yana nufin takardar shaida. Kanta ba shi da ita. Jandarman ya zazzage zabira, ya ɗaga gogen ta wuya yana juyawa kamar mai tayin kaza, yatsansa kan tsirkiya. Kanta ya ƙura wa yatsan ido, don in tsirkiyar nan ta tsinke babu izgar doki kusa. Mai jirgi ne ya yi magana da Dandanci, ya ce tsohon mawaƙi ne za shi biki, ya ɗora busasshen kifi biyu kan tebur. Aka jefo masa gogensa.

Ya isa Malanbil ran kasuwa da hantsi. Bai nemi gidan gwaggo ba, sito ya nema. A bakin ƙofa wani dogon mutum ne ke karɓar kuɗin shiga yana zuba surutu. Ya dubi zanen fuskar Kanta ya fashe da dariya.

"Kai, yau ga bawana ya ɓato hanya. Bakabe, mi ya raba ka da kifi? Nan ba a shiga da warin gulbi."

Kanta ya gane Bakatsine ne, abokin wasa. Ko cikin tashin hankali ba a barin Bakatsine ya ci bulus.

"Na zo ganin abin da ya kori Katsinawa daga gida har sunka koma gadin ƙofar Larabawa."

Mutumin ya ji daɗi, ya ce sunansa Ɗanmusa, ya ce ba ya karɓar kuɗin bawansa. Da zai rufe ƙofa ya zo ya zauna kusa da shi a kan buhu.

Aka ja ƙofa, rana tsaka ta koma duhu. Kanta ya tuna ɗakin Ɗanaudu, gumi ya karyo masa. Wani inji ya kama kuka a baya, haske ya keto ta saman kawunansu ya faɗa bango, sai ga fuskar mace ta cika bangon nan tun daga ƙasa har rufi, da ɗigo a goshi, ido kamar faifai. Kanta ya kama karanta duk abin da ya sani. Ga mutane na magana da wani yare, ga gunki mai hannu huɗu ana zuba masa furanni. A ransa ya ce lalle nan ne gidansu, na kawo kaina.

Ɗanmusa kuwa gyaɗa yake ci. Ba ya jin Indiyanci ko kalma, amma ya ga wannan silima ta fi sau arba'in, yana ba da labari kamar a gabansa aka yi. Ya ce wagga mai rawa ce a gidan wani mai mulki. Wancan ƙaramin ɗanta ne. Ka gan shi kwance, zazzaɓi ne. Ka ga an zo kiranta, ana baƙi a gidan, dole ta je.

Suna cikin haka mutanen bango suka ɓarke da rawa a gona, maza da mata, ba dalili.

"Su wanga mi anka yi musu?" in ji Kanta.

"Ruwa ya sauka, murna suke. Kai dai ba ka san Indiyawa ba. Su in magana ta fi ƙarfin baki sai su miƙe. Saurayi na son budurwa, ba ya iya faɗi gaban ubanta, sai rawa. Matar aure na kewar miji, rawa. Ka cire rawa cikin silimar ga, abin da ya rage gaisuwa ce da faɗa. Duk abin da ke cikin cikinsu, a ƙafa da hannu suke faɗinsa. Ba kamar Kabawa ba, da sai an ba ku tuwo a ji muryarku."

Kanta bai rama ba, don yaron bango ya mutu. Wata tsohuwa ta raɗa wa uwar a kunne daidai lokacin da ake ɗaura mata ƙararrawa a ƙafa. Aka tura ta gaban baƙi. Ɗanmusa ya ce ba ta da ikon kuka, in ta ɓata wa baƙi rai kashinta ya bushe.

Wani abu mai kama da goge ya ɗauki kuka, siriri, yana zamewa daga murya zuwa murya. Matar ta buɗe gwiwoyi ta buga ƙafa. Wuya ya zame dama, ya zame hagu. Yatsu suka tsuke suka buɗe. Kanta ya riƙe buhun da yake kai da hannu biyu. Ga rawar Rabi'atu nan, taku bayan taku, ba ragi. Ta haɗa hannuwa a ƙirji tana jijjigawa, sai yanzu ya ga ashe jariri ne take lallashi, jaririn da babu shi. Ta ɗaga kai sama, ta buɗe baki. Kanta ya jira ta koma farko.

Ba ta koma ba. Ta ƙwalla kira da iyakar ƙarfinta, kalma ɗaya, ta faɗi ƙasa tana kuka, kiɗa ya yanke.

"Mi ta ce?"

"Sunan yaron mana. Ai nan mata ke jiƙa mini buhuna."

Aka buɗe ƙofa, Kanta bai tashi daga kan buhun ba. Yana zaune ya tuna abin da ke ƙara a ƙafar ɗiyarsa. 'Yar ƙararrawa ce da shi da kansa ya sayo a kasuwar Kende, ya ba uwargidansa ta kai, aka ɗaura wa Bunyaminu lokacin da yake koyon tafiya don a san inda ya nufa. Kwana uku yana jin ta, tsoro bai bar shi ya gane ta ba.

Da aka sake nunawa bayan azahar ya koma, wannan karon ido rufe, kunne kawai. Ɗanmusa ya ce yau ya ga Bakabe ya zo kallo ya yi barci.

Komowa ta fi zuwa wuya. Jirgin da ya samu na masu gishiri ne, kowane ƙauye sai sun tsaya. Ya zauna a gindin jirgi yana neman taken nan a tsirkiya, yatsunsa da suka saba da tsalle yana koya musu zamewa. Kuma duk hanya zuciyarsa ba ta bar shi ba. In fa ba haka ba ne? In iskan gaske ne ya bi ta daga bangon nan, shi kuma ya je ya yi masa takensa ya ƙara masa ƙarfi? Ga kuma abin da zai yi a ƙarshe, wanda ko tuna shi sai ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

Ran Alhamis rana ta karkata ya shigo Kurgu, ƙafafunsa sun kumbura. Tun daga bakin gari ya shaƙi barkono. Gidan Ango cike da mutane, wasu kan danga. An liƙe ɗakin baya da ɗanyar laka, Ɗanaudu na tsugune yana fifita kasko, mata biyu sun riƙo Rabi'atu ta hammata. Ta zama kamar kara.

Kanta ya shimfiɗa buzunsa a tsakar gida ya zauna.

"Ɗanaudu, ka san ƙa'ida. Ba a sa hayaƙi sai mai goge ya ce ya gaza. Ban ce ba."

"An ce mini kwana uku ka yi kana zuba ruwa a rariya. Wutata ta kama, Kanta."

"Ta jira. In na tashi ban sauke shi ba, ni zan ja maka ƙofar."

Ya faɗa ne kawai, amma da ya ji maganar a kunnensa sai ya gane nauyin abin da ya ɗauko. Ɗanaudu ya ajiye mafici ya harɗe hannu.

Kanta ya goga ƙaro a izga ya ja. Muryar farko ta fito a karye. Ya sake ja. Taken ya miƙe, siriri, baƙo, irin wanda ba a taɓa ji a Kurgu ba. Masu kan danga suka fara sauka ta baya. Rabi'atu ta ɗaga kai. Karon farko ke nan da ta dubi gogen. Ta zame daga hannun matan, ta buɗe gwiwoyi, ta buga ƙafa, ƙararrawa ta amsa daidai kan kiɗa.

Wata mata ta yi salati. Inna Batulu ta toshe baki da gefen zane. Kanta bai ga kowa ba sai ƙafar nan. Wuya, yatsu, ido. Ta haɗa hannuwa tana jijjigawa. Ta ɗaga kai ta buɗe baki. Shi ma ya buɗe nasa, kunya ta shaƙe shi, ba abin da ya fito. Ta koma farko.

Ɗanaudu ya ɗauki maficinsa.

Kanta ya bi ta suka sake zagayowa. Gwiwoyinta na karkarwa, ya san ba ta da ta uku. Da ta kai wurin, ta ɗaga kai, sai ya ɗauke izga daga tsirkiya. Gidan ya yi tsit.

"Rabi'atu," ya ce.

Ta daskare. Mutane suka dubi juna, tsofaffi suka sunkuyar da kai saboda nauyin abin.

"Rabi'atu, ɗiyata. Kira shi. Bunyaminu ne. Kira ɗanki."

Leɓunanta suka yi motsi ba sauti. Sannan sunan ya fito, da wata murya da ta kwana wata uku a rufe, har kajin gidan suka watse. Ta kira shi sau uku, ta faɗi kan gwiwa, ta kifa fuska a ƙasa tana kuka kamar ranar aka fita da shi.

Ba wanda ya san abin yi. Ba a taɓa ganin uwa ta yi wa ɗan fari haka ba, ba a kuma taɓa jin uba ya sa ta ba.

"Malam Kanta, ka tsiraita mu gaban gari," in ji Inna Batulu. Ta faɗa tana tahowa, ta durƙusa ta jawo kan yarinyar ta ɗora a cinyarta, ta ja mayafi ta rufe su su biyu. Mayafin na girgiza ta ɓangare biyu.

Ɗanaudu ya kife kaskonsa a gindin danga ya taka garwashin. Da zai wuce ya tsaya kan Kanta.

"Iska bai faɗi suna ba, bai yi atishawa ba. Kuka ba sauka ba ne. Gobe da la'asar ina nan cikin gari."

Washegari Kanta bai je gona ba. Tun azahar ya zauna a zaurensa, wanda danga biyu ce tsakaninsa da gidan Ango, ya kasa kunne. Inuwa ta yi ta tsawo. Ladan ya kira la'asar, bai iya tashi alwala ba. Can sai ya ji ƙararrawar nan, cas, cas, tana matsowa. Ya dafa bango.

Inna Batulu ce ta yi sallama daga waje. Ta miƙo hannu ta gefen ƙofa ba tare da ta leƙo ba, ta ajiye 'yar ƙararrawar a bakin tabarma.

"Ta ce a kawo maka ajiya. Ta sha fura, ludayi shida, ni na ƙirga. Yanzu tana can tana ta kukanta, na rasa inda zan sa fuskata."

"A bar ta ta yi, Inna."

"Wa ya hana ta?" in ji tsohuwar, ta juya.

Kanta ya ɗauki ƙararrawar. Ya yaga ƙyalle ya cusa mata a ciki don kada ta yi ƙara, ya jefa cikin zabirar goge, sannan ya tashi ya ɗauki buta.